Yanda ake jinyar mai zazzaɓi a zafin Makka ba tare da an jawo wa hanta matsala ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda da Madina, da masu shirin zuwa Umra ko aikin Hajji. Akwai wani abu da muke yi da kyakkyawar niyya amma yana cutar da marasa lafiyarmu, mutum ya kwanta da zazzaɓi jiki zau, sai mu kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mu rufe taga mu jibga masa bargo biyu, wasu ma a dafa ganyen darbejiya a yi masa surace, wai sai ya haɗa gumi cutar za ta fita. A Kano ko Damagaram lokacin hunturu ƙila a yi hakan a wanye lafiya, amma a unguwar Shara Mansur ta Makka ko Karantina ta Jidda cikin watan Yuli, a ɗakin saman bene mai rufin kwano, wallahi wannan ganganci ne da rai, kuma hanta na cikin gaɓoɓin da suke shan wahalar a ɓoye ba wanda ya gani sai bayan kwana biyu ido ya yi ɗorawa.

Bari in ɗan tsaya a kan hantar kafin mu zo yanda ake yi, don in mutum ya gane dalili ba sai an yi ta fama da shi ba. Hantar babban mutum tana kai kilo 1.5, tana ɓangaren dama ƙarƙashin haƙarƙari, kuma kusan kashi ɗaya bisa huɗu na jinin da zuciya ke harbawa ta cikinta yake bi, mafi yawansa daga hanji yake tasowa. Ita ke ƙera yawancin furotin ɗin jini, akwai albumin mai riƙe ruwa cikin jijiya wanda in ya yi ƙasa za ka ga ƙafa da ciki sun kumbura, akwai waɗanda suke sa jini ya daskare in an ji ciwo, ita ke ajiye suga ta dinga sakinsa kaɗan-kaɗan in ba a ci abinci ba, ita ce kuma ke narkar da yawancin maganin da muke haɗiya. Toh in ƙwayoyin cuta suka yi ƙarfi a jiki, ko daga huhu suka faro ko mafitsara ko wani miki a ƙafar mai ciwon suga, sai hanta ta canza aiki, ta rage ƙera albumin ta koma ƙera furotin ɗin yaƙi irin su CRP ɗin nan da kuke gani ya hau a takardar tahlil, wato gwajin jini na asibiti. Kenan tun kafin zafin gari ya shigo maganar, hantar mai zazzaɓi aiki take ba hutu.

Yanzu ku ɗora zafin gari a kai. In jiki ya ɗau zafi, jini yakan kwararo zuwa fata don a fitar da zafin, sai hanji da hanta su samu ƙarancin jini da iskar da yake ɗauke da ita, bangon hanji ya yi rauni, gubar ƙwayoyin cutar da suke zaune cikin hanji ta fara tsiyaya cikin jijiyar da take tafiya kai tsaye zuwa hanta. Ga ƙarin guba ga ƙarancin jini a lokaci guda. Su kuma furotin ɗin da suke aiki cikin ƙwayoyin halittar hanta kowanne da siffar da aka naɗe shi, da wannan siffar yake aiki, zafi kuwa warware ta yake yi. Duk macen da ta taɓa fasa ƙwai a kasko ta ga abin, ruwan nan mai yauƙi ya koma fari ya sandare kuma ba ya komawa yanda yake. Jikin mutum ba ya kai zafin kasko, amma daga digiri 41 zuwa 42 masu laushin cikinsu sun fara saki, kuma sassan da suke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi, waɗanda likitoci ke kira maitokondiriya, suna cikin masu jigata.

Allah cikin ikonsa ya yi wa jiki masu gyara. A 1962 wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, ya lura cewa in zafi ya taɓa ƙwayoyin halittar ƙudan nan masu bin 'ya'yan itace, wasu wurare a gadon halittarsu sai su farka su kama aiki, daga baya aka gano wasu furotin ne na musamman ake ƙerawa, kuma mu ma muna da su, wanda aka fi sani shi ne HSP70. Aikinsu su riƙe furotin ɗin da ya fara warwarewa su maida shi siffarsa, wanda ya lalace da yawa kuma su miƙa shi a rushe kar ya dunƙule ya toshe wuri. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gwajin da aka yi da ɓeraye a shekarun 1990, aka ɗumama jikinsu na ɗan lokaci aka bar su suka huce suka huta, sannan daga baya aka jefa su cikin cuta mai tsanani ta ciki, sai waɗanda aka ɗumama suka fi rayuwa kuma gaɓoɓinsu ba su lalace kamar na sauran ba, saboda cutar ta zo ta tarar masu gyara sun riga sun cika wurin. Amma da aka juya abin a ɗakin gwaji, aka fara sa wa ƙwayoyin halitta gubar ƙwayoyin cuta sannan aka bi su da zafi, sai suka dinga mutuwa. Zafi ɗaya ne, wanda ya riga zuwa ne ya bambanta. Don haka dan Allah kar wani ya karanta wannan ya ce ai ga shi masana sun tabbatar da surace, a'a, wancan ɓera lafiyarsa ƙalau aka ɗumama shi, naku kuwa cutar ta riga ta shiga, zafin da za ku ƙara masa yanzu na biyun ne, mai kisan.

Inda wannan ilimin zai amfane mu shi ne a kan baƙinmu masu lafiya. Jiki yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, gumi ya fara fita da wuri, masu gyaran nan su ƙaru. In mahaifiyarku ta sauka Jidda yau, kar gobe da azahar a ɗauke ta a ƙafa daga unguwar Misfala zuwa Harami a dawo a koma, a fara da asuba da isha, a dinga ƙarawa a hankali. Mun ga abin da ya faru a Hajjin 2024, zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, ministan lafiya Fahad Al-Jalajil ya sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari ba su da tasrihi, wato izinin yin Hajji, sun yi doguwar tafiya cikin rana ba tanti ba mota, da yawansu tsofaffi ne masu ciwon yau da gobe. Allah ya jiƙansu.

Toh ga mara lafiya a gida, me za a yi. Abu na farko a sayi ma'aunin zafin jiki a saidaliyya, wato kantin magani, ba shi da tsada, bayan hannu da muke ɗorawa a goshi ba ya faɗin lamba kuma lambar ce likita zai tambaya. A auna a rubuta da lokacin, a bayan kwalin magani ma ya isa. Sannan a duba ɗakin da yake kwance. In saman bene ne ko ɗakin da ke manne da kicin inda ake tuƙa tuwo ko suyar masa ta sayarwa, a sauko da shi ɗakin da ya fi sanyi ko da na maƙwabta ne, ba abin kunya ba ne ki ƙwanƙwasa ƙofa ki ce Hajiya dan Allah ki ara mana falonki zuwa magariba namu mukayyif ɗin ya mutu. A kunna mukayyif, sanyinsa ba ya ƙara zazzaɓi. In yana rawar ɗari haƙora na kaɗawa a rufa masa zani ɗaya mara nauyi, da rawar ta lafa a yaye, a rage masa kaya, a jiƙa tawul da ruwa mai ɗan ɗumi a dinga goge wuya da hammata da ƙirji. Ruwan famfo da rana a nan kun san daga tankin sama yake zuwa kamar an dafa, a tara a bokiti ya huce tukuna. Fanka ita kaɗai in zafin ɗakin ya haura digiri 40 iska mai zafi kawai take watsa masa, sai an jiƙa fatar take amfani, a Jidda kuma inda iskar take da laima gumin ma ba ya bushewa, don haka can mukayyif ɗin ya fi zama dole.

Ruwa kuma kar a jira sai ya ce yana jin ƙishi, musamman tsofaffi ba sa ji. Kurɓi-kurɓi duk 'yan mintoci ya fi kofi guda da zai dawo da shi amai. Zamzam, ruwan gora, laban wato nono, kunu mai ruwa-ruwa, romo, duk a ba shi. In akwai gudawa ko amai ko gumi mai yawa a sayo garin gishiri da suga na saidaliyya, in babu a haɗa a gida, ruwa lita 1, suga ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, kar a ƙara gishirin da ka. Fitsari shi zai gaya muku gaskiya, in yana fita kuma launinsa ya yi haske ana kan hanya, in ya yi ja kamar shayi ko aka wuni bai zaga ba akwai matsala. Mai ciwon ƙoda ko zuciya da likita ya ƙayyade wa ruwa shi sai a kira 937 na ma'aikatar lafiya a tambaya. In azumi ne ya ajiye, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma hantar da take yaƙi ajiyar sugarta ƙarewa take da wuri.

Maganar magani nan ne nake so a nutsu sosai don nan muka fi yi wa hanta illa da hannunmu. Panadol, Fevadol, Adol duk abu ɗaya ne a ciki, farasitamol, haka yawancin maganin mura irin Panadol Cold & Flu da shi a ciki. Abin da ke faruwa a gidajenmu shi ne 'yarsa ta ba shi Panadol biyu, maƙwabciya ta shigo dubiya ta ciro Fevadol daga jaka ta ce wannan ya fi ƙarfi, da dare ɗansa ya dawo daga aiki da na mura, kowa yana ganin daban ya bayar. Babban mutum mai lafiyar hanta iyakarsa giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, biyu-biyu, da tazarar aƙalla awa 4 zuwa 6. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko ya kwana biyu bai ci abinci ba, ko yana da ciwon hanta, nasa bai kai haka ba, likita ne zai faɗa, saboda sinadarin da hanta take kashe dafin farasitamol da shi raguwa yake da yunwa da ciwo. Yara da nauyinsu ake aunawa ba da shekaru ko da ido ba, kuma ba a ba yaro asfirin in yana zazzaɓi, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Mutum ɗaya a gidan ya riƙe magani, shi kaɗai ke bayarwa yana rubutawa. In aka gano an wuce ƙima a tafi tawari, wato sashen gaggawa na asibiti, a take ko da yana ta hira lafiya lau, akwai makarinsa kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko, illar ba ta nunawa sai an makara. Brufen da Voltaren kuma a jikin da ruwa ya ƙare ƙoda suke bugawa, a bar su. Jiƙe-jiƙen da aka aiko daga gida cikin gora ba a san me ke ciki ba balle ƙimarsa, ni dai a ganina a ajiye shi gefe, duk abin da aka sha hantar nan ce za ta yi fama da shi. Ƙaho ma a ɗaga, jinin mai irin wannan ciwon yana iya ƙin tsayawa.

Sai ku bambance zazzaɓi da bugun rana, darbat shams, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Zazzaɓi ƙwaƙwalwa ce da kanta ta ɗaga zafin jiki don yaƙar cuta, shi ya sa farasitamol ke sauko da shi. Bugun rana kuwa zafin waje ne ya fi ƙarfin jiki, ya haura digiri 40 hankali ya gushe, mutum ya dinga sambatu ko faɗa ko tangaɗi ko ya faɗi sumamme, a nan farasitamol ba ya komai sai ƙara wa hanta nauyi. Mai wankin mota, mai gashin tsire da ke tsaye kan wuta, baiwar Allah mai sayar da hatsin tattabaru a rana, in dama da ɗan zazzaɓi suka fito su ne abin ya fi kamawa, kuma ana iya samun duka biyun a jikin mutum ɗaya. In kuka ga haka wani ya kira is'af, wato motar asibiti, a 997 ko 911, sauran kuma kar su tsaya jira, a ja shi inuwa a cire kaya a kwara masa ruwan sanyi tun daga kai, a dinga fifita da kwali ko sallaya ko me aka samu, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a ci gaba ba tsayawa har motar ta zo, so ake a sauko da shi ƙasa da digiri 39 cikin rabin awa. In mace ce mata su kewaye ta da mayafi a yi abin da ya kamata, a jiƙa rigar jikinta sharkaf. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki ko da Zamzam ne, zai shaƙe ya tafi huhu, a kwantar da shi ta gefe. Wannan hanyar ta fesa ruwa da hura iska ba baƙuwa ba ce a garin nan, tun 1980 likitan nan ɗan Sudan Mustafa Khogali da abokin aikinsa Weiner suka fito da gadon sanyaya jiki da aka sa wa sunan Makka saboda alhazai, raga ce ake kwantar da mutum a kai ana fesa masa ruwa sama da ƙasa ana hura iska.

Yaushe zazzaɓi ya wuce jinyar gida. Ku zauna kusa da shi ku kalli ƙirjinsa ku ƙirga numfashi na minti ɗaya cif da agogon waya, babban mutum in ya kai 22 ko fiye alama ce. Ku tambaye shi yau wace rana, a ina muke, in Baba da ya saba lissafin kuɗin haya da ka ya kasa gane jikarsa ko yana ta barci ba ya tasuwa, wannan ba gajiya ba ce kuma ba iska ba ce, a yi masa addu'a a cikin mota ana tafiya. In akwai na'urar awon jini a gida kuma lambar sama ta sauko 100 ko ƙasa, ko hannu da ƙafa sun yi sanyi jiki na zafi, ko fitsari ya ɗauke, ko ido ya yi shawara, ko dasashi na jini, ko ɗigo-ɗigon ja a fata, ko wuya ya sanƙare, ko ma zafin jikin ya faɗi ƙasa da 36 alhali mutum na ƙara galabaita, to cutar ta bazu, tasammumud dam kenan, wato gubar cuta a jini, kuma awa ɗaya ma tana da muhimmanci wajen fara allurar kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 wannan yanayin ya kashe mutum miliyan 11, kusan ɗaya cikin biyar na duk mace-macen duniya a shekarar. Jariri ɗan ƙasa da wata 3 kuwa da zafinsa ya kai 38 ba a jira wata alama.

Na san abin da ke tsayar da mutanenmu, igama wato takardar izinin zama ta mutu, ba tamin wato inshorar lafiya, tsoron tarhil wato a maida mutum ƙasarsu, tsoron kuɗin mustashfa wato asibiti, sai a ce bari mu ga zuwa gobe, a tafi saidaliyya neman kafson kashe ƙwayoyin cuta alhali tun 2018 an tsaurara dokar hana sayar da shi ba takardar likita, a koma ragowar na wani. Ba na raina wannan tsoron, na gaske ne, amma wallahi gara a yi ta rigimar takarda da mutum yana raye. Unguwa ta haɗa kuɗi yanda muke haɗawa in an yi rasuwa, a samu mai igama kuma mai jin Larabci sosai ya raka.

In an je a tafi da kwalayen duk abin da ya sha har gorar jiƙon, kar a ɓoye don kunya. A faɗa wa likita in bai daɗe da zuwa daga Najeriya ko Nijar ko Sudan ba a roƙi gwajin maleriya, don likitan nan ba lallai ta faɗo masa a rai ba. A faɗi in yana shan maganin suga ko na hawan jini mai sa fitsari, wasunsu ana dakatar da su in ruwan jiki ya ƙare. A tahlil ɗin hanta za ku ga ALT da AST, lambobin da suke hawa in hanta ta ji rauni, na mai lafiya ba su cika wuce 40 ba, a bugun rana mai tsanani suna kai dubbai, kuma abin lura shi ne sau da yawa ranar farko ba su hau sosai ba sai kwana na biyu zuwa na uku suke kai ƙololuwa, don haka in an ce ya kwana a inaya, wato sashen kulawa ta musamman, ko a dawo a sake gwaji kar a ce ai ya farfaɗo ya ci abinci a sa hannu a fito da shi. Ku tambayi INR ma, shi ke nuna ko hanta na ƙera masu daskarar da jini, wasunsu awoyi kaɗan suke yi a jini shi ya sa yake saurin nuna halin da take ciki, albumin kuwa yakan ɗau makonni kafin ya dawo daidai, kumburin ƙafa bayan an sallamo ba lallai sabon ciwo ba ne amma a nuna wa likita.

Hanta tana farfaɗowa in aka ba ta dama, yawanci cikin makonni lambobin suke sauka. Bayan sallama a shanye maganin da aka rubuta har ƙarshe, a ci abinci mai gina jiki, ƙwai, kifi, wake, nama daidai gwargwado, a koma awon da aka ce. Wanda ya taɓa bugun rana jikinsa yakan daɗe bai jure zafi ba, kar ya koma aiki cikin rana sai likita ya yarda, in ya koma ma ya fara da sassafe da yamma, kuma ku sani akwai dokar da ta hana sa ma'aikata aiki a rana daga 12 zuwa 3 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, masu aikin kansu ma su ɗauke ta tasu ce. Tunda an riga an je asibitin kuma, a roƙa a haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B, yana da yawa a ƙasashenmu kuma mutum kan yi shekaru da shi bai sani ba, in an samu a gwada matarsa da yaran, waɗanda ba su da shi a yi musu rigakafi.